Cire gashi da rufe ƙananan jijiyoyin jini da allurar lantarki: tambayoyi da amsoshi

Wuraren gyaran jiki a manyan garuruwa sun fara tallata na'urori masu aiki da lantarki, wasu na cire gashin fuska, wasu na ɓatar da 'yan jijiyoyin jinin da ke bayyana a kumatu da gefen hanci. Aikin ba yaudara ba ne, ya daɗe a duniya, kuma yana yi idan ya faɗa hannun wanda ya iya. Matsalar ita ce yawancin bayanan da ke yawo a kansa an rubuta su ne da farar fata a zuciya, alhali baƙar fata tana da nata hali. Ga abubuwan da aka fi tambaya.

Yaya allurar lantarki take cire gashi?

Kowane silin gashi daga wani ɗan rami yake fitowa a cikin fata, a ƙasan ramin kuma akwai tushen da ke haifar da shi. Reza tana yanke abin da ya fito waje ne kawai. Tsigewa tana ciro silin, amma tushen yana nan, bayan 'yan makonni ya sake aiko wani. Aikin da ake kira elektirolisis tushen yake nema. Mai aikin zai duba ta gilashin ƙara girma, ya zura wata siririyar allura wadda kaurinta bai wuce na gashin ba, ta bi gefen silin har ƙasan ramin. Ba huda fata ake yi ba, hanyar da take buɗe ake bi. Sai ya saki lantarki ɗan kaɗan, sannan ya sa matsefata ya zare gashin. Idan an yi daidai, silin zai sulɓo salin-alin. Idan kika ji an fizge shi da ƙarfi, to tushen bai mutu ba, tsigewa kawai aka yi miki da tsada.

Hanyoyin uku ne. A ta farko, lantarkin yana haɗuwa da ruwa da gishirin da ke cikin ramin, sai su rikiɗe su zama ɗigon soda, irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, ita ce ke cinye tushen. Tana da inganci amma tana da jinkiri. A ta biyu, lantarkin yana kai da komo sama da sau miliyan 13 a daƙiƙa guda, wannan ke haifar da zafi a bakin allurar ya ƙone tushen cikin ƙiftawar ido. Ta uku haɗin biyun ce, zafin yana ƙara wa sodar ƙarfi da sauri.

Sabon abu ne?

Ko kusa. Wani likitan ido mai suna Charles Michel, a birnin St. Louis na Amurka, shi ya wallafa bayaninsa a 1875. Ba kwalliya ce ta kai shi ba. Marasa lafiyarsa gashin idonsu ne ke juyawa ciki yana gogar ƙwayar ido, kuma ko an tsige sai ya dawo. Wanda ya taso a karkarar arewacin Najeriya ko kudancin Nijar ya san wannan azaba a wurin tsofaffin da amodari ya daɗe yana cinsu. Su dai asibitin ido ne wurinsu, domin galibi ɗan aikin tiyata ake yi wa fatar idon, ba a kai su shagon gyaran jiki. Hanyar zafi kuwa Henri Bordier ne ya fito da ita a Lyon ta ƙasar Faransa a 1924, sannan Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka sami rajistar hanyar haɗin a Amurka a 1948.

Mene ne bambancinta da leza? Wacce ta fi dacewa da baƙar fata?

Leza haske ce, ba allura ba. Tana harba haske mai ƙarfi, baƙin launin da ke cikin gashi ya zuƙe shi, ya yi zafi, zafin ya lalata tushen. Ka'idar aikin Rox Anderson da John Parrish ne suka bayyana ta a 1983, kuma a shekarun 1990 aka fara cire gashi da ita. Tana da sauri ƙwarai, domin harbi ɗaya yana kama gashi da yawa.

Amma fa launin da take farauta a gashi shi ne dai ke cikin fatarmu. A jikin Baturiya mai baƙin gashi, hasken bai da abin kamawa sai gashin. A jikin baƙar mace, fatar ma tana zuƙarsa, shi ya sa ake samun ƙuna, bororo, da tabo fari ko baƙi. Likitocin fata suna auna launi da ma'aunin Fitzpatrick mai hawa 6, yawancinmu muna hawa na 5 da na 6. Ga wannan rukuni, lezar da aka fi amincewa da ita ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, saboda haskenta yana wuce saman fata ya nutsa ciki. Wata na'urar haske da ake kira IPL, wadda ta fi arha kuma ta fi yawa a shaguna, ita ce ta fi ƙona baƙar fata. Duk wanda zai haska miki na'ura a fuska, ki tambaye shi sunanta da lambarta. Idan ya kasa faɗa, ki ɗauki jakarki.

Allurar lantarki ba ruwanta da launi. Tana aiki a kan kowace fata da kowane gashi, har furfura, wadda leza ba ta iya gani sam. Matsalar allurar ita ce sili ɗaya-ɗaya ake bi. A ganina, ga haɓa, gashin baki da 'yan silin da ke kewaye da nono, allura ta fi. Ga wuri mai faɗi kamar ƙafa, ƙirji ko baya, a fara da lezar da ta dace, abin da ya rage a ƙarasa da allura.

Da gaske gashin ba ya dawowa?

Ramin da aka kashe tushensa da kyau ba ya sake fitar da gashi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a kira elektirolisis cirewa ta dindindin, leza kuwa ragewa ta dindindin kawai ta yarda a ce mata. Sai dai gashi ba ya girma a lokaci ɗaya. Wasu suna tsiro, wasu suna hutawa a ƙarƙashin fata ba a ganinsu. Abin da aka share yau wani kaso ne kawai, bayan makonni na ƙasa su ɓullo, sai mace ta ɗauka aikin bai yi ba. Shi ya sa ake ta komawa, da farko duk mako ko bayan mako biyu, daga baya a tsawaita. Zama ɗaya kan ɗauki minti 15 zuwa awa guda, kuma share haɓa gaba ɗaya yakan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya yi miki alkawarin zama uku a gama, bai faɗa miki gaskiya ba.

Me ke sa mace ta fitar da gemu ko gashin baki?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma ita aka fi tsallakewa, saboda kunya. Mata da yawa suna shekaru suna ɓoye haɓa da mayafi, suna aski a asirce da asuba, ba su taɓa faɗa wa likita ba. Wani lokaci gado ne, uwa da goggo duk suna da shi, lafiyarsu kuma ƙalau. Wani lokaci shekaru ne, bayan ɗaukewar al'ada 'yan sili kan fito a haɓa. Amma babban dalili a wurin matan da ke shekarun haihuwa shi ne larurar da ake kira PCOS, wadda ke shafar kusan mace ɗaya cikin goma. A cikinta sinadaran jiki na maza, waɗanda kowace mace ke da su kaɗan, suna yin yawa. Alamominta sukan zo tare: al'ada mai tsallake watanni, ƙurajen fuska da ba sa jin magani, ƙiba, duhun fata a bayan wuya, jinkirin samun ciki. Tana kuma ƙara haɗarin ciwon suga.

Mai irin wannan larura idan ta tafi kai tsaye wurin allura, za a yi ta kashe tsofaffin ramuka, jiki yana ta tada sababbi, kuɗi na ta tafiya. Likita kan ba da ƙwayoyin daidaita al'ada ko wani magani mai rage tasirin sinadaran, kuma sai an kai kamar wata shida kafin a ga canji. Maganin yana hana sabon gashi yin kauri, allura kuma ta share wanda ya riga ya kafu. Wasu daga cikin magungunan nan suna cutar da ɗan tayi, don haka mai neman ciki ta faɗa tun a zaman farko.

Akwai yanayin da ba a jira. Idan gashi ya taso gadan-gadan cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri, gashin kai na zubewa, to a je asibiti da gaggawa, domin yana iya zama ƙari a ma'ajiyar ƙwai ko a wata ƙaramar halitta da ke saman ƙoda.

Ina ruwan man bilicin da wannan magana?

Ruwansa ne tsundum, kuma shi ne inda batun ya fi shafar mu. A baƙar fata mai lafiya, da wuya a ga 'yan jijiyoyin fuska. To me ya sa ake yawan ganin mata da jajayen zare-zare a kumatu, fata tana sheƙi, kore-koren jijiya a hannu da cinya? Da yawa daga cikin mayukan ƙara haske, musamman 'yan tuf-tuf da ake matsawa cikin man shafawa da haɗin da ake sayarwa a roba babu rubutu, suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. A duba jikin kwalin, za a ga clobetasol ko betamethasone. Magunguna ne na gaske, likita kan rubuta su na ɗan lokaci domin wasu cututtukan fata. Idan aka mayar da su man kullum, fata takan siraɗe, jijiyoyin ƙarƙashinta su buɗe su bayyana, gashi ya tsiro a kumatu da goshi, ga ƙuraje da nankarwa. Wato matsalolin nan biyu da na'urar ke gyarawa, kwalba ɗaya tana iya haifar da su duka. Haka ma ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone da ake sha ba da umarnin likita ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Fatar da man ya cinye ba ta jure zafin allura ko leza, kuma rauninta yana jinkirin warkewa. Dole a daina man tukuna. Amma kada a yanke shi rana ɗaya bayan shekaru ana shafawa, domin fuska takan yi ja, ta yi zugi, ƙuraje su feso, wannan ne ke mayar da mutane kan man. Likitan fata ne zai tsara yadda za a janye a hankali. Ana samunsu a asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Bayan watanni, gashin da man ya kawo yakan ragu da kansa. Jijiyoyin da suka riga suka buɗe ne sukan tsaya, su ne za a yi wa aiki.

Yaya ake ɓatar da jijiyar jini da lantarki?

Ana magana ne a kan 'yan sirara da ba su kai milimita ɗaya ba, ja ko shuɗi-shuɗi, a gefen hanci, kumatu da haɓa. Ana taɓa jijiyar da bakin siririyar allura a wurare kusa-kusa, a saki zafi na ɗan lokaci. Zafin yana dafa jinin da bangon jijiyar, ta manne ta rufe, a hankali jiki ya shanye ta. Sau da yawa kana kallo zaren yake ɓacewa a bayan allurar. Wurin zai yi ja, ya yi 'yan ɓawo ƙanana da ke zubewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Haka ake yi wa 'yan jajayen ɗigon da ke fitowa a ƙirji da ciki idan shekaru sun ja. Ba abin tsoro game da gudun jini, waɗannan jijiyoyi ba su da wani aikin da maƙwabtansu ba za su ɗauka ba. Zama ɗaya zuwa uku yakan isa, amma sababbi za su fito idan dalilin yana nan. Masu hasken fata da zabaya, waɗanda rana ke yi wa illa sosai, su ne suka fi samunsu ba tare da wani mai ba.

Jijiyoyin ƙafa fa, waɗanda suka kumbura suka nannaɗe?

Wannan allura ba ta isa gare su ba. Matsalarsu daga ciki take: 'yan marufan da ke hana jini komawa ƙasa sun yi rauni, jini yana taruwa a ƙafa. Yawan haihuwa, doguwar tsayuwa da gado duk suna kawo su. Sai an yi sikanin an ga inda jinin ke komawa, sannan likita ya zaɓi safa mai matse ƙafa, ko allurar maganin da ke rufe jijiya, ko rufe ta da zafi ta ciki, ko tiyata. Ko 'yan siraran ƙafa ma, allurar magani ta fi lantarki aiki a kansu.

Akwai jijiyar da alama ce ta ciwo?

Akwai. Wata takan fito da ɗigo ja a tsakiya da 'yan ƙafafu kewaye, idan ka danna ta ɓace, ka saki ta dawo. Ɗaya ko biyu ba komai ba ne, masu ciki ma suna samunsu su tafi bayan haihuwa. Idan suka yi yawa a fuska, wuya da ƙirji, a gwada hanta, musamman a yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu kamar namu. Jajayen ɗigo a leɓe da harshe tare da yawan haɓo a dangi su ma na likita ne.

Akwai zafi?

Akwai, kamar tartsatsin mai daga kasko, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin hanci ya fi ko'ina, har hawaye yakan zubo. Ana iya shafa man kashe zafi mai lidocaine kafin a fara, amma a ƙaramin wuri. A 2007 hukumar FDA ta yi gargaɗi bayan mutuwar wasu 'yan mata biyu a Amurka da suka shafe ƙafafunsu da irin man nan suka naɗe da leda kafin zuwa wurin leza. Maganin ya ratsa fata ya shiga jini da yawa.

Wace illa ya kamata mai baƙar fata ya fi tsoro?

Baƙin tabo. Fatarmu tana amsa kowane rauni da ƙarin launi, don haka idan mai aikin ya ƙara wuta fiye da kima, ko allurarsa ba ta nutsa sosai ba zafin ya tsaya a sama, haɓa za ta cika da baƙaƙen ɗigo da kan yi watanni kafin su dushe. Idan abin ya yi muni, 'yan ramuka ne za su saura har abada. Na biyu shi ne tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, irin wanda ke fitowa a kunnen wasu bayan huji. Mai irin wannan jiki ya ga likitan fata kafin komai.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Gashi mai murɗewa raminsa ma a lanƙwashe yake, allura kuwa miƙaƙƙiya ce, tana iya kauce wa tushen. Nan ne hanyar soda da ta haɗi suke da amfani, domin ruwan sodar yana gangarawa inda allura ba ta kai ba. Saboda haka gwanin da ya saba da gashi irin namu ya fi na'ura mai tsada muhimmanci.

Maza masu ƙurajen aski za su amfana?

Sosai. Ƙurajen suna fitowa ne idan gashin da aka aske ya lanƙwaso ya soki fata. Rage gashin wuya da lezar Nd:YAG yana kawo sauƙi mai yawa. Amma a yi tunani da kyau kafin a taɓa layin gemu ko saje, abin da aka kashe ba ya dawowa. Barin gemu ya ɗan taso shi ma magani ne, kuma kyauta.

Su wa bai kamata a yi wa ba?

Mai na'urar daidaita bugun zuciya, sai da izinin likitansa. Mai ciki ta jira har ta sauka. Ba a aiki a kan fata mai gyambo, ƙuraje masu ruwa ko wata cuta. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini, da mai shan isotretinoin domin ƙurajen fuska, duk su faɗa kafin a fara. Gashin da ya fito a kan tawadar Allah sai likita ya duba tawadar.

Me ake yi kafin zama da bayansa?

A daina tsigewa da halawa makonni kafin a fara, da kuma tsakanin zama da zama, domin idan an ciro silin babu hanyar da allura za ta bi. Aski da yankewa da almakashi babu laifi, kuma aski ba ya ƙara wa gashi kauri, bakinsa ne kawai ke rasa tsini. A bar shi ya fito kwana biyu ko uku kafin ranar. Amarya kada ta fara ana saura mako biyu biki, fuskar ba za ta gama lafawa ba.

Bayan zama, kwana ɗaya zuwa biyu ba hoda, ba turare a wurin, ba dilka, ba sirace. Ruwan alwala mai tsabta ba ya cutarwa, a dai shafa a hankali. Kada a ɓantare ɓawon, shi ne babban mai jawo tabo. A riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, ko da fatar baƙa ce.

Addini ya yarda?

Malamai da dama sun bambanta tsige gira, wanda hadisi ya hana, da cire gemu ko gashin baki idan sun fito wa mace. Imam Nawawi ya tafi a kan cewa cire waɗannan ba haramun ba ne, abin so ne ma. Cire gashin hammata da na mara kuwa yana cikin sunnonin tsabta. Inda ake tsayawa shi ne buɗe al'aura ga wani ba tare da larura ba, a nan kowa ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi.

Na'urorin gida da ake tallatawa a intanet fa?

Matsefatar lantarki da ake cewa ana kama gashi da ita wuta ta bi silin zuwa tushe ba ta aiki, domin gashi ba ya ɗaukar lantarki yadda ake ikirari. Na'ura mai allura kuwa tana bukatar ido da hannun da suka horu, ba a yi wa kai a gaban madubi. Ƙananan IPL na gida da yawa a jikin takardarsu ma an rubuta ba na fata mai duhu ba ne.

Yaya zan gane wurin da ya dace?

Ki tambayi inda mai aikin ya koya, ki nemi ganin hotunan aikinsa a kan fata irin taki. Allura ta zama sabuwa, a ɓare ta daga leda a gabanki, a jefar bayan an gama, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin kayan da aka yi wa wani amfani da su. Ya sa safar hannu, matsefatarsa kuma a tsabtace ta a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, ba a goge ta da auduga kawai ba. Wanda ya san aikinsa zai tambaye ki al'adarki, magungunan da kike sha da man da kike shafawa kafin ya kunna komai. Ki nemi a gwada ɗan wuri a ƙarƙashin haɓa, ki jira mako biyu zuwa uku ki ga yadda ya warke. Kuɗin allura da lokaci ake lissafa shi, don haka ki tambayi farashin minti 15 ko na awa, ki auna shi da watannin da aikin zai ɗauka kafin ki biya na zama da yawa a dunƙule.